Tsakanin Jini da Hali: Yaran Gubar Dalma a Zamfara

A farkon 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar da ba a saba gani ba: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a watan Maris, suka ba da maganin sanƙarau da na zazzaɓin cizon sauro, amma shiru. Sai da aka gwada jini aka gano dalma ce.

Zinari ya yi tsada a lokacin, dutsen da ake haƙowa kuwa cike yake da dalma. A kai shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu a watan Mayu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Cikin waɗanda aka gwada, kashi 97 bisa ɗari dalmar jininsu ta kai ma'auni 45, matakin da ake fara ba da magani. Na'urar hannu da ake awon da ita 65 ce iyakarta, yara da yawa kuma sun zarce nan.

An ƙirga matattu. Dubban da suka rayu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Guru da Bagega yanzu samari ne da 'yammata, kuma su ne suka sa wata mazhaba ta ilimin halayyar ɗan'adam ta zama maganar gida a yammacin Zamfara.

Mazhabar tana neman tushen hali a cikin jiki: ƙwaƙwalwa, jijiyoyi, sinadaran da ke kai saƙo tsakaninsu, da ƙwayoyin gado. Ɗalibai sukan fara ta da labarin Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Amurka wanda sandar ƙarfe ta ratsa gaban kansa a 1848. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zafin rai da rashin tsayawa kan magana. Dalma tana taɓa wannan sashe na gaban ƙwaƙwalwa, sai dai a hankali, ba rauni ba jini. Jiki yana ɗaukarta tamkar kalsiyam, sinadarin da jijiyoyi ke dogaro da shi wajen isar da saƙo, don haka take samun hanya har cikin ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanjin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, kuma yunwa da ƙarancin jini suna ƙara buɗe mata ƙofa.

A 1979 likitan yara Herbert Needleman ya tara haƙoran da 'yan firamare suka famfare a kusa da Boston, ya auna dalmar da ke ciki, ya kwatanta da rahoton malamansu. Masu dalma da yawa su ne aka fi kuka da su kan rashin mai da hankali, rashin zama wuri guda da kasa bin umarni. A 2008 wani dogon bincike a Cincinnati, da ya bi yara tun suna ciki har suka girma, ya sami raguwar ƙwaƙwalwa a sashen gaba, musamman ga maza, da kuma yawan faɗawa hannun 'yan sanda. Matakan dalmar yaran nan, a jimlace, ba su kai na Dareta ba.

Amfanin wannan bayani a ƙasar Hausa a fili yake. Yaron da ba ya riƙe karatu, ko mai saurin fushi, hukunci uku ke jiransa: a ce daƙiƙi ne, a ce iyayensa sun gaza tarbiyya, ko a ce iska ce ta shafe shi ko an yi masa sammu. Na farko da na biyu bulala ke biyo bayansu, na uku turare da rubutu. Ba wanda ke tambayar ko an taɓa daka dutse a gidansu sa'ad da yake rarrafe. Malamin makarantar allo ko na firamare a Bagega da ya san wannan tarihi zai rage duka, ya ƙara maimaici. Uwa kuma za ta sauke laifin da ba nata ba.

Sai dai mazhabar tana da santsi. Tunda Zamfara ta yi suna da gubar dalma, ta kuma yi suna da 'yan bindiga, abu ne mai sauƙi a ɗaure biyun da igiya ɗaya, musamman da yake a Amurka akwai masu danganta raguwar laifuka da daina zuba dalma a fetur. Wannan ɗauri bai da ƙwari. Ta'asar ta yi ƙamari har a Zurmi da Shinkafi da Tsafe, nesa da ƙauyukan da annobar ta ci, kuma tushenta sananne ne: satar shanu, cinye burtali, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, da shari'ar da ba ta share wa kowa hawaye. Wani bincike a Dunedin ta ƙasar New Zealand, inda dalma ta shafi 'ya'yan masu hali da na talakawa ba bambanci, ya sami alaƙa mai rauni ƙwarai tsakaninta da aikata laifi. Alƙaluman bincike matsakaicin jama'a suke faɗa, ba ƙaddarar wane ba. Kuma a garin da ake bincike kafin aure, daga Anka har Gummi, lakabin "mai gubar dalma" zai iya yi wa yarinya illar da ta fi ta gubar.

Ita kanta dalmar ba daga jini ta faro ba. Manomin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara ne ya kai dutsen gida, jinkirin hukuma kuma ya bar shi a can. An kankare ƙasar ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Duk tsawon lokacin likitoci ba su iya fara magani a Bagega ba, don ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa cutar. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja. Akwai ma hanyar da ba ta bi ta ramin zinari: kwallin gargajiya da ake ranɗa wa jarirai, sau da yawa daga dutsen dalma ake niƙo shi.

Maganin da aka ba yaran, sukusima, yana janye dalma daga jini ya fitar ta fitsari, amma ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022. Abin da ya rage wa waɗannan matasa yanzu ba na asibiti kaɗai ba ne: aji marar cunkoso, malami mai haƙuri, sana'ar da za a koya musu daki-daki, a yankin da rashin tsaro ya rufe makarantu da dama.