Shuɗiyar Kalma da Jar Kalma

Wanda ya yi karatun zaure ya san hashiya: malami ya ɗan yi rubutu a gefen takarda, ya nuna maka inda wani littafi ya faɗaɗa maganar. Shuɗiyar kalmar da muke dannawa a intanet jikanyarta ce, sai dai ita hashiya ba ta fitar da kai daga shafi. Mahaɗi kuwa ƙofa ne, kuma wanda ya fita ba lallai ya dawo ba.

Shi ya sa yadda ake barbaɗa mahaɗai a wasu maƙalun Wikipedia ta Hausa yake damun mu. Sakin layi guda, an shuɗanta shekara, an shuɗanta "gari", an shuɗanta "mutum". Wa ya tambayi ma'anar mutum? A maƙala kan Magana Jari Ce, sunan Abubakar Imam ya cancanci mahaɗi, haka Zariya, haka Rupert East. Kalmar "littafi" ba ta cancanta ba. In komai ya zama shuɗi, mai karatu ba zai gane wace ƙofa ce mai amfani ba.

Jar kalma ta fi ba mu tausayi. A tsarin Wikipedia, ja na nufin ba a rubuta shafin ba tukuna. Amma a Hausa wani lokaci shafin yana nan daram, ƙugiya ce kawai ta raba su. Kwamfuta ba ta ɗaukar K da Ƙ a matsayin harafi ɗaya, haka D da Ɗ. Wani ya rubuta take da ƙugiya, wani ya yi mahaɗi babu ita. In ba a yi shafin turawa ba, sai na uku ya ga ja, ya zauna ya sake rubuta abin da aka riga aka rubuta.

Sai kuma "danna nan" da ta cika shafukanmu na adabi. Nan ina? Makaho mai amfani da manhajar karanta allo, in ya nemi jerin mahaɗai, "nan, nan, nan" kawai zai ji. Sunan labarin ya kamata ya ɗauki mahaɗin.

Ted Nelson, wanda ya fito da tunanin irin wannan rubutu a fili a 1965, ya so kowane mahaɗi ya zama mai zuwa da dawowa. Tsarin da Tim Berners-Lee ya gabatar a 1989 na tafiya ɗaya ne, don haka shafin da aka nuna bai san an nuna shi ba. Edita ya sauya adireshin babi na 3 na wani ƙagaggen labari, mai karanta babi na 2 ya danna "ci gaba", ya tarar da 404.