Makanikan Tsofaffin Babura

A garejojin Gusau, Tsafe da Bungudu akwai dattawan makanikai da kallo ɗaya ya ishe su su gane zamanin tsohuwar Honda Super Cub, wadda aka fara ƙerawa a 1958. Bakanike zai buɗe murfin injin. In ya ga kwantak da batir mai bolt 6, tsohuwar fitowa ce. In CDI ne da bolt 12, ta shekarun 1980 zuwa sama ce. Daga nan ya kankare tsatsa ya fito da lambar bodi, ya wanke kafireta da fetur, ya zaga wurin 'yan gwangwan neman fitilarta ta asali.

Aikin haƙuri ne, kuɗinsa kaɗan. Ba don su ba, da tuni an auna baburan iyayenmu a kilo.