Ƙofa Ba Ta Kallon Ƙofa: Nazari Kan Tsarin Gidan Gandu

A wajen wani ɗaurin aure a Kano, muna jiran liman, wani ɗan 'yar'uwata da ya karanta zanen gine-gine ya zaro waya ya nuna mini aikin da ke hannunsa. Gida ne zai zana wa wani alhaji mai mata biyu, da 'ya'ya maza uku da suka tasam ma aure, da mahaifiya tsohuwa. Bene ne, ɗakuna goma sha ɗaya, kowanne da banɗakinsa, falo uku. Na duba na sake dubawa, na ce masa ina zaure. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, zaure ai ɓarnar fili ne. Wa yake da filin zaure a Kano yanzu?" Daga nan ya jero mini sauran tuhumar: wai gidan gargajiya ba zana shi ake yi ba, yaɗo yake yi kamar kabewa, wai duhu ne da shi, wai kurkukun mata ne. Liman ya iso kafin in ba shi amsa, don haka ga ta nan.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. Gidan Rumfa yana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma wanda ya taɓa shiga ya san soro ake ratsawa bayan soro kafin a kai ciki. Gidan talaka a Zariya ko a unguwar Birni ta Damagaram ƙaramin wannan ne: katanga a kan iyaka, ɗakuna jingine da ita, sarari a tsakiya. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka kafa unguwarsu a Nasarawa, sai suka zo da akasin haka, gini a tsakiyar fili, sarari kewaye da shi, ɗakunan boyi-boyi can baya. Ma'aikatanmu suka gaji waɗannan gidaje, suka gaji sha'awarsu. Kwano da siminti suka biyo baya, sannan gidajen lokos na zamanin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, da zane kusan iri ɗaya daga Sakkwato har Fatakwal, wanda aka yi wa miji ɗaya da mace ɗaya da 'yan 'ya'yansu. Mu kuwa iyalinmu bai canza da saurin da gininmu ya canza ba.

Batun cewa ba a zana gidan gargajiya, gaskiya ne idan takarda ake nufi. Magini a ƙasa yake shata gini, da ƙafa da igiya, maigida na tsaye. Amma Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim bai riƙe takarda ba, kuma har yau masu digiri suna zuwa auna bakunan ginin nan. Friedrich Schwerdtfeger, wanda littafinsa ya fito a 1982, ya bi gidaje a Zariya yana auna su yana tambayar tarihin mazaunansu, ya nuna yadda ɗakuna ke tashi su faɗi bisa aure da haihuwa da mutuwa. Abin da ɗan nan nawa ya kira yaɗon kabewa ke nan. Akwai ƙa'ida a cikinsa, kuma wadda ta fi burge ni ita ce ta ƙofa.

Tsaya a bakin zauren kowane tsohon gida ka leƙa. Bango za ka gani. Ƙofar da ke shiga ciki tana gefe, dama ko hagu, ba ta taɓa yin saiti da ta waje. Baƙo ya yi sallama ya tsaya nan, a aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. Yawancin mutanen da ke zuwa gida a zaure harkarsu ke ƙarewa: mai neman bashi, mai kawo goron gayyata, almajiran da ke karatun allo da asuba, saurayin da ya zo zance, masu zaman makoki. A nan maza ke haɗa kwano da daddare, tuwon kowane sashe ya fito a ci tare, wanda kuma shi ne lokacin da uba ke ganin 'ya'yansa magidanta ba tare da ya taka ɗakin kowa ba.

Wanda aka yarda ya wuce zaure sai ya karya kwana ya faɗa farfajiya. Nan ɗakin samari yake, da na baƙi, da turke idan akwai dabba. A lura da hikimar ajiye samari a nan. Yaro ya balaga, ya fi ƙarfin kwana a ɗakin uwarsa, bai kuma isa a sake shi ya kama haya ba. Sai a fitar da shi daga cikin mata, a bar shi a bayan ƙofar da uba ke kullewa. Yana cikin gida, yana kuma wajensa. Idan ya dawo tsakar dare, sai ya buga zaure, kowa ya ji.

Sai shigifa, zaure na biyu, ƙarami. Ita ma ƙofofinta a karkace suke. Aminin maigida yana iya kaiwa nan, nan ne kuma mace kan fito ta gaisa da namijin da bai kamata ya shiga ɗakinta ba. Bayan shigifa sau da yawa akwai 'yar katanga ko zana da ke tare ido, sannan turakar maigida a inda zai ga mai shiga da mai fita. A gidan gandu daga nan hanya ke rabuwa, kowace ta nufi sashenta: na tsoho, na babban ɗa, na ƙaninsa. Kowane sashe da 'yar tsakar gidansa, da murhunsa, da makewayinsa. Rijiya da zaure ne na kowa.

Me wannan karkace-karkace ke saye? Lokaci. Daga sallamar farko zuwa tsakar gida mutum zai karya kwana uku ko huɗu, a kowace kuma ana jin takunsa da gyaran muryarsa kafin a ga fuskarsa. 'Yan daƙiƙun nan sun ishi matar ɗa ta ja mayafi, mai shayarwa ta juya baya, mai tsefe kai ta shige ɗaki, a ture kwanon da ake ci. Na tashi ina jin kakana yana yin tari sau biyu a shigifa, tarin da ba na ciwo ba, kafin ya sako ƙafa sai ka ga tsakar gida ta kintsa kamar an yi shara. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan isha. Magini ya ɗauki wannan ladabi ya mayar da shi tubali, yadda ko marar kunya dole ya bi shi, don babu wata hanyar.

Yanzu a dubi zanen da ke cikin wayar ɗana. Get yana kallon ƙofar falo, ƙofar falo tana kallon matakala, matakalar kuma ita kaɗai ce hanyar hawa sama inda aka ajiye sassan 'ya'ya. Alhaji yana zaune a falo da baƙinsa. Matar ɗansa za ta sauko ɗibar ruwan zafi, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta koma, ta sauko karɓar saƙo, ta sake durƙusawa. Sau nawa za ta yi haka a yini? Mace ce da ko sunansa ba ta iya faɗa, ba ta cin abinci a gabansa. A wata na farko za ta jure. A na shida za ta fara wucewa da "sannu Baba" a tsaye, uwar miji ta ce ba ta da tarbiyya, wan miji ya ce ta raina mutane. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Kafin shekara biyu ɗan ya kama haya a wata unguwa, a ce matan zamani ba sa son zama da dangin miji. Yarinyar ba ta fi kakarta rashin haƙuri ba. Kakar tana da bango da ke tare mata, tana ganin surukinta sau ɗaya da safe idan ta je gaisuwa, da shirinta da lulluɓinta.

Zargin kurkuku ba zai ɗauke ni lokaci ba. Kulle al'ada ce, ana iya muhawara a kanta, kuma ana yin sa a bene kamar yadda ake yi a gidan ƙasa. Amma idan mace za ta wuni a gida, a tambaye ta wanne ta zaɓa: tsakar gida mai sama a buɗe, inda take daka da suyar ƙuli-ƙuli da kitso da karɓar ƙawaye, ko ɗaki mai taga da ƙarfen hana ɓarayi? Duhu kam na yarda da shi. Tagogin da ƙanana ne, azara ba ta ba da faɗin ɗaki sai an yi dabara, yaɓe yana son hannu duk shekara, kuma an sha haƙa shadda kusa da rijiya. Duk waɗannan laifin kayan gini ne da tsafta, bulo da famfo da babbar taga sun magance su. Babu ɗaya daga ciki da ya tilasta a daidaita ƙofa da ƙofa.

Saura fili, wanda shi ne hujjar ɗana mai ƙarfi. A ɗauki fuloti mai ƙafa 50 a 100, murabba'in ƙafa 5,000 ke nan. Zaure mai ƙafa 10 a 10 ya ci 100, kashi ɗaya cikin hamsin. Shi kuwa ginin tsakiyar fili, idan ya bar lungun ƙafa biyar a kowane gefe tsawon fulotin, ya zubar da 1,000, wato zaure goma, a wasu siraran lunguna da ba a iya ko shimfiɗa tabarma, sai tara tsofaffin tayoyi da janareta. Wa ke ɓarnar fili a nan? Na san dokar tsara birni ce ke neman a ja baya daga katanga, amma dokar ma gadon Nasarawa ce, mutane suka rubuta ta. A Yamai, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidajen Niamey 2000 a 2016, da bulon ƙasa, hawa biyu, a matse, kowane gida da sararinsa da ba a hangowa daga titi. Mu ma da can idan fili ya ƙare sama muke hawa, shi ya sa tsofaffin gidajen cikin birni ke da bene da wurin kwana a kan soro lokacin bazara.

Inda na fi saɓawa da masu zanen yau shi ne suna zana gida kamar hoton iyali na ranar da aka zo wurinsu. Suna ƙirga kawuna su raba ɗakuna. Gidan gandu kuwa da shekara talatin masu zuwa ake shata shi, shi ya sa za ka ga kango a gefe an bar shi ana shuka kuɓewa: sashen auta ne da bai gama firamare ba. Kuma ba maza kaɗai ke ƙaruwa ba. 'Ya mace za ta dawo wankan haihuwar fari, kwana arba'in ana dafa mata ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a gaya mini a wane kicin na bene za a hura wannan wuta. Wata aurenta zai mutu ta dawo da 'ya'ya biyu. Wata za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ita kuma tsohuwa, ɗana ya ajiye ta a ɗakin baya, daidai inda Bature ke ajiye kukunsa, wai don ta huta da hayaniya. Tsohuwa hayaniyar take so. Ɗakinta a ƙasa ya kamata ya kasance, ba tudu ba matakala, ƙofarsa tana buɗewa tsakar gida, inda za ta zauna a bakin ƙofa tana ganin jikoki, biyu ko uku daga cikinsu ma a wurinta za su riƙa kwana.

Sannan akwai ranar da ba a so a ambata a ofishin mai zane. Maigida zai rasu, a zo rabon gado, matan su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gidan da aka yi sassa-sassa yana karɓar wannan rana: a ja katanga nan, a fasa ƙofa can, wani ya fanshi rabon 'yar'uwarsa, zaure ya ci gaba da zama na kowa, sunan gidan bai ɓace ba. Haka gidajen cikin Kano da Katsina da Zariya suka kai jikan jika a wuri guda. Bene mai matakala ɗaya da tankin ruwa ɗaya da ramin masai ɗaya fa, ta ina za a yanka shi? Hukuncinsa ɗaya ne, a sayar a raba kuɗi, kuma na ga gidan da aka yi wa haka uwar 'ya'yan ta ƙare a ciki da falo na haya tana da shekara saba'in. A ganina duk zanen gidan iyali da ba za a iya raba shi da jan layi uku ba, ba a gama shi ba, komai kyan tayil ɗinsa.

Don haka mai niyyar gina gidan da zai zauna da 'ya'yansa da matansu, idan an miƙo maka zane, kafin ka ƙirga banɗaki ka ɗora yatsa a ɗakin matar ɗanka ka bi hanyarta har bakin titi. In ta ratsa inda kake zama, mayar wa mai zanen takardarsa. Na faɗa wa ɗana haka bayan an shafa fatiha, ya ce zai duba. Na bi ta fulotin alhajin watan jiya, gini ya kai linta, kuma daga bakin get ina hango matakalar.