Kore a Idon Birni: Sharhi a kan Yadda Ake Kallon Itatuwan Magariya da Dungas

1. Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wani ra'ayi da ya daɗe da zama da gindinsa a rahotannin hukuma da bakin ƴan boko, wato cewa birni ne mai dashen itace, mutumin karkara kuwa mai sarewa. Za mu auna ra'ayin da abin da ke akwai a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011. Hujjarmu ita ce ma'aunin da ake auna kore da shi ma'aunin birni ne, shi ya sa ido ya daɗe yana tsallake itacen da ya fi kowane amfani a wannan ƙasa, wato gawo.

2. Asalin ra'ayin

A 1935 wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya buga maƙala yana cewa Sahara na gangarowa kudu, ya kuma ɗora babban laifin a kan noma da kiwon mutanen ƙasa. An kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, wanda ya bi yankin iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 zuwa 1937, bai kuwa sami shaidar wannan gangarowa ba. Duk da haka maganar Stebbing ce ta yi tasiri. Dokar daji ta mulkin mallaka ta 1935, da ta Nijar ta 1974 wadda ta gaje ta, sun sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma, har manomi na iya shan tara don ya sare reshen itacen da ya tsiro a gonarsa. Wanda aka hana wa cin moriyar abu ba ya wahalar renonsa.

A gefe guda kuma aka gina wani hoto na abin da ya cancanci a kira kore. An fara dasa ɗamarar itatuwa ta Yamai a 1965, galibi da dogon yaro. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Taron Maraɗi na 1984 ya ƙara ƙarfafa wannan hanya. Daga nan «espace vert» ya sami siffofinsa huɗu: an dasa shi da hannu, yana kan layi, yana da shinge, ganyensa kuma ba ya kaɗewa.

3. Itacen da ya saɓa wa ma'auni

Gawo ba shi da ko ɗaya daga cikin siffofin nan. Shi ke tsirowa da kansa, sau da yawa daga kashin dabbar da ta ci ƴaƴansa. A warwatse yake cikin gonakin hatsi. Abin da ya fi rikita baƙo kuma shi ne yana zubar da ganye da farkon damina, ya sake tohowa da rani. Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magariya a watan Agusta zai ga itatuwa tsirara kamar matattu. Manomi kuwa ya san wannan tsiraicin ne ke bar wa hatsi rana, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani dabbobi na kwana a inuwarsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincinsu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Sanin darajarsa ba sabon abu ba ne a nan. An ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Harshen ma yana da shaida. Inda Faransanci kan ce «brousse» ya tattara komi, Hausa ta bambanta daji da karkara, gona da saura, fadama da lambu. Sunan Magariya kansa kalma ɗaya ce da sunan itacen magarya. Mai fassara da ya mai da duk waɗannan «brousse» ya riga ya share aikin hannun mutum daga filin kafin ya fara bincike.

4. Sabon labari da raunin da ke cikinsa

Bayan farin 1973 da na 1984 manoma suka shiga barin tsiron itace a lokacin sassabe, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka nazarci abin a Magariya da Matamai da Mirya, inda aka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 1. A 2009 Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka kawo ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Waɗannan ayyuka sun cancanci yabo, domin su suka tilasta wa duniya sake kallo.

Sai dai yadda labarin ya bazu a jaridu da tarurruka yana da rauni biyu. Na farko, an fi son a samo masa gwarzo ɗaya. Aikin da Tony Rinaudo ya fara a jihar Maraɗi a 1983, wanda ake kira sassabin zamani, gaskiya ne kuma yana da muhimmanci, amma bai isa ya bayyana gawon Wasa ko Bande ko Dogo-Dogo ba, inda al'adar ta riga kowane shiri. Na biyu, kalmar «reverdissement» tana ƙirga itace ba ta tambayar na wane ne. Hoton tauraron ɗan'adam ba ya nuna macen da ba ta da gona amma tana bukatar icen girki, ko makiyayin da ya saba yanko wa dabbobinsa reshe. Dokar daji ta 2004 da ƙudurin 2020 a kan renon tsiro sun ƙarfafa haƙƙin mai gona. Haƙƙin waɗannan biyun shi ne wurin da nazari ya fi ƙaranci.

5. Kammalawa

Batun ya wuce gardamar kalmomi. Garuruwan Magariya da Dungas suna faɗaɗa, gonakin bakin gari suna komawa filayen gini. Muddin tsarin gari bai ɗauki gawon da ke cikin fili a matsayin kore ba, za a sare itacen da ya shekara arba'in, a dasa ɗan dogon yaro a bakin hanya, a rubuta a rahoto cewa an ƙara itace. Ɗamarar Yamai da gine-gine suka ci wani sashe nata ta nuna cewa shinge kaɗai ba ya tsare itace.

Don haka muna ba da shawara biyu ga ɗalibai masu shirin kundi. Su tattara kalmomin fili da na itace daga bakin manoma da mata da makiyaya kafin su ɗauko na Faransanci. Su kuma ziyarci wuri ɗaya sau biyu, da damina da kuma rani, kafin su yanke hukunci a kan koren ƙasa.