Gwanin Tayar da Komaɗar Ƙungiya

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba ta rushewa a rana ɗaya. Da fari 'yan wasa biyu ko uku ne za su riƙa makara wajen atisaye, ba wanda ya ce musu uffan. Daga nan sai a shiga zargin juna duk lokacin da aka zura musu ƙwallo: gola ya ce laifin 'yan baya ne, 'yan baya su ce 'yan tsakiya ba sa dawowa. Kafin a ankara, ƙungiyar da a da ake shakkar karawa da ita ta zama wadda kowa ke fatan a haɗa shi da ita. Wannan ciwo bai san babba ba, bai san ƙarami ba. Yana kama ƙungiyar makarantar sakandare a ƙasar Shanono, ya kama Kano Pillars, ya kuma taɓa kwantar da Super Eagles. Akwai mutanen da Allah ya hore wa sanin maganinsa, su ne kociyoyin da ake miƙa wa ƙungiya bayan ta durƙushe, su tashe ta da kusan 'yan wasan da suka tarar. A ganina, duk harkar tamaula babu gwaninta mai wuya kamar wannan, babu kuma wadda mutane suka fi rainawa.

A garuruwa irin su Shanono, Faruruwa, Alajawa, Kokiya da Tsaure, wannan nauyi yakan faɗa ne kan malamin da ke kula da wasanni a makaranta, ko wani tsohon ɗan wasa da ciwon gwiwa ya zaunar. Kayan aikinsa usur ne da ƙwallo ɗaya ko biyu, sai filin makaranta da awaki ke ratsawa. Lokacin ma ba a hannunsa yake ba. Da damina yara suna gona tun daga shuka har maimai. Da kaka ga girbin gero da dawa, ga roron wake da cirar gyaɗa. Da rani kuwa samarin da suka fi ƙarfi sai su tafi ci-rani Kano, Abuja ko Legas. Wanda ya iya haɗa ƙungiya mai tsari a cikin irin wannan hali ya cancanci a zauna a kalli yadda yake aikinsa.

Abin da gwani ke fara yi shi ne kallo. Sabon koci mai gaggawa yakan zo da tsarinsa a kai, ya ɗora wa yara tun ranar farko. Gwani kuwa sai ya raba su gida biyu, ya jefa musu ƙwallo, ya koma gefe ya yi shiru. Kamar manomin da ya karɓi gonar da ta gaji ne: ba ya fara da shuka, sai ya zaga ya ga inda ruwa ke kwanciya, inda ƙasa ta zaizaye, da inda ƙuduji ya yi gida. Idonsa ba ya kan wanda ke riƙe da ƙwallo. Yana duban wanda ya rasa ta, ya ga ko zai bi ta da gudu ko zai tsaya ya ɗaga hannu yana ƙorafi. Yana lura da wanda ke ɗaga kai ya duba fili kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa, domin wannan yaron ɗan tsakiya ne ko da shi bai sani ba. Yana sauraron muryar da sauran ke bi idan wasa ya yi zafi, wadda sau da yawa ba ta mai ɗaure da ƙyallen kyaftin ba ce. Cikin 'yan makonni zai gane ko matsalar ta ƙafa ce, ko ta numfashi, ko ta zuciya. Galibi ta zuciya ce.

Bayan kallo sai doka, kuma gwani ba ya yawaita ta. Lokacin atisaye ɗaya ne ga kowa. Wanda ya makara ba zai fara wasa ba ranar gasa, ko da shi ne mai cin ƙwallaye. Ba a zagin abokin wasa, ba a yi wa alƙalin wasa tsawa. Wuyar ba wajen kafa dokar take ba, tana ranar da ta faɗa kan tauraron ƙungiya, ga kuma wasa mai muhimmanci gobe. A ranar duk yaran suna kallon koci ta gefen ido. In ya sassauta, ya sayar da ƙungiyar da ƙwallo ɗaya. In ya tsaya, ko da an sha kashi a wasan, ya samu abin da ya fi maki uku daraja, wato yaran sun yarda cewa maganarsa ɗaya ce.

A cikin fili kuwa, gyara daga baya yake farawa. Ƙungiyar da ta saba shan kashi tana da tsoro a jikinta, da an zura mata ƙwallo ɗaya sai gwiwa ta yi sanyi, ta biyu da ta uku su biyo baya. Don haka gwani yakan fara toshe ƙofa. Zai tsayar da 'yan baya huɗu a layi ɗaya, ya koya musu matsawa tare da ja da baya tare, ta yadda ba za a bar rami tsakanin ɗaya da ɗaya ba. Zai sa 'yan tsakiya su rage tazarar da ke tsakaninsu da 'yan baya, domin a wannan sararin ne abokan hamayya ke samun damar juyawa. Zai maimaita bugun kwana da bugun tazara har kowa ya haddace mutumin da zai tsare. Sannan ya ƙanƙanta fili, ya sa biyar su yi ta ba juna ƙwallo, biyu na farautarta, don ƙafa ta saba da sakin ƙwallo da wuri. A ƙasa mai tauri ta lokacin hunturu, inda ƙwallo ke tsalle ba bisa ƙa'ida ba, wannan horo ne ke raba mai wasa da mai bugu kawai. Ranar da aka tashi canjaras babu ci, 'yan kallo za su yi tsaki, amma koci ya san an fara warkewa.

Sai maganar zaɓen 'yan wasa, inda marigayi Stephen Keshi ya bar darasin da ba a mantawa. A watan Oktoban 2011 Najeriya ta yi kunnen doki 2-2 da Gini a Abuja, ta rasa gurbi a gasar cin kofin Afirka ta 2012. Aka sallami koci Samson Siasia, aka miƙa wa Keshi ƙungiyar a watan Nuwamba. Maimakon ya dogara ga manyan sunaye daga Turai kaɗai, sai ya tara 'yan wasan gasar cikin gida ya yi ta gwada su. Da lokacin tafiya Afirka ta Kudu ya yi a 2013, ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya ɗauki 'yan wasa shida daga ƙungiyoyin Najeriya, ciki har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An yi masa ca, surutu ya ƙaru da aka fara gasar da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da kuma Zambiya. Bai sauya ra'ayi ba. Najeriya ta fitar da Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Toure da ci 2-1, ta lallasa Mali 4-1, inda Ahmed Musa, tsohon ɗan Pillars, ya ci ta huɗu. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Sunday Mba, ɗan wasan cikin gida, ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso, kofin ya dawo Najeriya bayan shekara 19. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Keshi ya bi da kyaftinsa Joseph Yobo. Ya zaunar da shi a benci a yawancin wasannin saboda matasan baya sun fi shi kuzari, amma bai zubar masa da mutunci ba. Ya sako shi a ƙarshen wasan ƙarshe, shi ne kuma ya ɗaga kofin. Kocin ƙauye yana fuskantar irin wannan a ƙaramin ma'auni: yadda zai ce wa babban yaya a ƙungiya ya ba ƙaninsa wuri, ba tare da ya mayar da shi maƙiyi ba.

Wani lokaci kuma ba lokacin gini, sai dai ɗinkin zuciya cikin gaggawa. A watan Janairun 2024 Kwaddibuwa, mai masaukin baƙi a gasar Afirka, ta sha kashi 4-0 a hannun Ikwatoriyal Gini a gaban jama'arta. Aka kori koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka ba mataimakinsa Emerse Fae riƙon ƙwarya. Ba shi da damar kawo ko ɗan wasa ɗaya daga waje. Ya dawo da tsofaffin hannu irin su Jean Michael Seri da Max Gradel cikin sha ɗayan farko, ya kwantar wa yaran da hankali. Suka fitar da Senegal mai riƙe da kofi a bugun fanareti, suka doke Mali da 'yan wasa goma, suka wuce Kwango, sannan suka ci Najeriya 2-1 a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu. Ƙafafun da aka ci huɗu su ne suka ɗauki kofi. Ko da abin ya yi mana ciwo, dole mu sara wa wannan aiki.

A ƙasar Shanono akwai wani fili na biyu da koci ke buga wasa, shi ne zauren dattawa. Iyaye da malamai da yawa suna kallon ƙwallo da shakku. Suna cewa tana ɗauke yaro daga karatu da gona, tana sa a wuce magariba a fili, tana kai shi gidan kallo inda zai koyi caca da shaye-shaye. Wannan magana tana da nauyi, domin sun ga yaran da hakan ta faru da su. Gwani ba ya musu da dattijo. Yakan je har ƙofar gida ya durƙusa ya gaida shi, ya ce, "Baba, in ka ba ni amanarsa, duk ranar da ya ƙi makaranta ko ya gudu daga gona, ni ma ba zai taɓa min ƙwallo ba." Sannan ya cika alkawari. Atisaye bayan la'asar, a tashi kafin kiran salla. Da damina a rage kwanaki. Da azumi a sassauta. Idan uba ya ga ɗansa ya fara tashi da wuri, ya rage yawon dare, ya iya cewa "to" ba gardama, shi da kansa zai fara tambayar yaushe ne wasa na gaba. Tarbiyyar da dattawa ke nema da tsarin da koci ke nema abu ɗaya ne, gwani ne kawai ke iya nuna musu haka a aikace.

Ga kuma 'yan siyasa. Idan zaɓe ya ƙarato kofuna sukan yawaita, a raba riguna da ƙwallaye, abin da ƙungiyar ƙauye ke matuƙar buƙata. Amma mai ba da riga wani lokaci yakan so a sa ɗan gidansa. A nan ake gane koci mai hikima: zai karɓi kyauta da godiya, ya girmama mai bayarwa a bainar jama'a, amma takardar sha ɗayan farko ba ta barin aljihunsa. Ƙungiya tana ɗauke da 'ya'yan kowace jam'iyya, ranar da ta zama ta ɓangare ɗaya, rabin gari ya daina zuwa kallo.

Tarihin Kano Pillars ya isa ya nuna mana cewa girma ba ya hana faɗuwa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ci gasar Najeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere a 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna ƙarƙashin Ibrahim Musa. Amma a 2022, bayan ta buga wasanninta na gida da dama nesa da filin Sani Abacha, aka kuma rage mata maki saboda rikici, sai Pillars ta gangara gasar 'yan dagaji. A can babu ɗaukaka, sai doguwar tafiya a mota da filaye marasa kyau, ga kowace ƙaramar ƙungiya tana son ta yi suna da kai. Koci Evans Ogenyi ya riƙe ta a wannan hali, kyaftin Rabi'u Ali bai gudu ba, kuma a 2023 ta dawo babbar gasa daga wasannin da aka yi a Asaba, a filin da ke ɗauke da sunan Stephen Keshi. Shekara ɗaya kacal ta yi a ƙasa, alhali akwai manyan ƙungiyoyin da suka faɗi ba su sake tashi ba.

Abin da irin waɗannan mutane ke buƙata daga gare mu bai da yawa, amma mun fi yin rowarsa, shi ne lokaci. Mukan kori koci bayan wasa uku, mu kawo wani ya fara daga farko, sannan mu yi mamakin yadda ƙungiya ta ƙi ci gaba. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da ƙaramar hukuma za su iya yin abin da ya fi kofin rana ɗaya amfani: su sayi ƙwallaye, su gyara turakun raga, su biya kuɗin mota zuwa Bagwai ko Gwarzo ko Tsanyawa, su bar malamin wasanni ya shekara biyu ko uku da yaransa ba tare da katsalandan ba. Yawancin yaran nan ba za su taka filin Sani Abacha a matsayin 'yan wasa ba. Za su zama manoma, 'yan kasuwa, malamai da magidanta. Amma za su fita da sanin cewa ana iya shan kashi a tashi, ana iya bin doka ba don tsoro ba, ana kuma iya rufa wa ɗan'uwa baya idan ya yi kuskure. Mutumin da ya koya wa samarin gari wannan ya yi wa garin aikin da ya wuce ƙwallo, ya kamata a san shi, a kuma girmama shi tun yana kan aikinsa.