Kilba da Badalar Kano

Jama'a, a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), Kilba ya san wanda ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya, wato Kolin Koliyo. A littafin Kurt Vonnegut na Amurka kuwa, The Sirens of Titan (1959), mutane sun gina ganuwar Sin da guminsu, ashe saƙo ne wasu halittu ke aika wa ɗan'uwansu da jirginsa ya lalace. A ganina nan Dembo ya gaza: ya ba mu kallo, bai ba mu fargaba ba.

Mu ma ga ragowar badala a Ƙofar Na'isa, aikin da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu. Kullum muna wuce ta, muna rubuta soyayya, ba mu tambayi wa ya ci gumin masu dakon ƙasarta ba.