Yadda Mahaya a Yusufari ke Auna Sabon Babur

A Yusufari da Nguru da Gashuwa, da zarar an kafe sabon babur a tashar 'yan acaɓa ko ƙofar bakanike, mahaya za su kewaye shi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wannan duba na farko al'ada ce mai tsari, kuma ta fi bayyana idan baƙon samfuri ya iso, irin wanda ake kira kuruza.

Ido ne ke fara magana. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka ne ya yi fice da wannan ƙira, Bajaj na Indiya ma yana da nasa mai suna Avenger: dogon jiki, kujera ƙasa-ƙasa, faffaɗan kai, ƙarfe mai walƙiya, sauti mai kauri. Matasa kan shafa tankin, su ce "wannan na manya ne."

Daga nan sai dattawan sana'a su karɓi zance. Wani zai tsuguna ya auna tazarar inji da ƙasa, domin hanyar Tulo-Tulo da Bulatura rairayi ce zalla, babur mai gajeren ciki kuwa kafewa yake yi. Wani zai lura matakan ƙafa suna can gaba, ke nan mahayi ba zai iya miƙewa ya sarrafa shi ba idan yashi ya fara jan taya. Sai tambayoyi su biyo: ina za a ɗaura buhun gero ko na kanwa? Yaya shan mansa, tunda an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023? Akwai kayan gyaransa a Gashuwa, ko sai an aika Kano? Kowace tambaya da Bajaj Boxer ake gwada ta, shi ne ma'aunin kowa.

Wannan tsantseni yana da tushe. Daga 2012 aka hana hawa babur a Yobe saboda rikicin Boko Haram, sai a 2021 Gwamna Mai Mala Buni ya ɗage haramcin a ƙananan hukumomi 10, ciki har da Yusufari da Nguru da Bade. Wanda ya shekara da shekaru yana neman abin da zai kai mara lafiya asibiti ba zai sayi babur don ado kawai ba.

Sai dai al'adar tana da giɓi. Ana tantance lodi da mai da kuɗin sayarwa, amma ba kasafai ake tambayar ƙarfin birki, hasken fitila ko hular kwano ba. A nan kuruza yana da abin koyarwa: yawancinsu da birkin faifai suke zuwa, sun kuma fi zama daram a kan kwaltar Nguru zuwa Gashuwa. Hukuncin mahaya cewa bai dace da rairayi ba daidai ne. Abin da ya rage shi ne su riƙa yi wa kowane babur, har da Boxer ɗin da suka amince da shi, tambayar da ta shafi ran mahayi da na fasinjansa.